Abin Da Na Gani Wajen Mahauta Da Masu Burodi, Daga Kano Zuwa Potiskum

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin masu duba azuzuwan yaƙi da jahilci ya yi, ran da aka raba wa ɗalibai manya takardun shaida. Mun buga shi yadda ya faɗa, domin waɗanda ba su sami zuwa ba.



Ranka ya daɗe Dagaci, masu unguwanni, Malam Liman, Sarkin Fawa, malaman azuzuwa, iyayena maza da mata, 'yan'uwana ɗalibai, ina gaishe ku. Barkanku da ganin wannan rana.

An ce in yi magana a kan amfanin karatu. Na san kun sha jin wannan har kun gaji. Don haka labarin wata tafiya zan ba ku. Kwanan baya aiki ya kai ni Potiskum a mota, ni da direba. Jiha huɗu muka taka: Kano, Jigawa, Bauchi da Yobe. Direban nan mutum ne mai son cikinsa. Ya san gidan kowane mahauci da kowane mai burodi a kan hanyar nan. Ba ya tsayawa a ko'ina sai inda ya san uban mai sana'ar. Na tambaye shi dalili. Ya ce, “Malam, wanda ya gaji sana'a yana tsoron ya ɓata sunan gidansu. Wanda ya kafa tebur jiya, gobe ba za ka same shi ba.”

Na riƙe maganar nan. A duk inda muka tsaya na zauna, na duba, na yi tambaya.

Gurasar Jakara

Ranar Juma'a da sassafe muka tashi. Kafin mu bar Kano muka biya ta Jakara, unguwar da ta yi suna da gurasa. Asalin gurasa daga Larabawa ne, fataken da suka ƙetaro Sahara suka zauna a Kano. Mata ne ke yin ta a cikin gida. Ana kwaɓa garin alkama da yis, a bar shi ya tashi. Sannan a manna shi a jikin tanderu mai zafi har ya gasu.

Wata dattijuwa muka samu. Ta ce a hannun kakarta ta koya. 'Ya'yanta mata biyu ne ke kwaɓi, ita ce ke gashi. Na ga hannunta duk tabon wuta. Jikarta, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, tana zaune a bakin ƙofa da waya a hannu. Na ce, “Inna, wannan ba ta taya ku aiki?”

Ta ce, “Ɗan nan, ai ita ce mai babban aikin.”

Kun tuna farkon shekarar 2023, lokacin da aka canza takardun naira, kuɗi suka yi wuya a hannu. Mutane suka koma turo kuɗi ta waya. Wani mai sari ya ɗebi gurasa kwando guda, ya nuna mata waya ya ce ya tura. Ita ba ta iya karatu ba. Ta dubi wayar, ta ce to. Ashe bai tura ko kwabo ba. Tun daga ranar ba a fita da gurasa sai jikar ta karanta saƙon banki a wayar gidan, ta faɗi adadin da ƙarfi kowa ya ji.

Muka sayi gurasa shida. Aka yi mana bandashe da ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, yaji da albasa. Muka kama hanya.

Mahaucin Wudil

Daga Kano zuwa Wudil kimanin kilomita 40 ne. Ranar Juma'a ce kasuwar Wudil ke ci, kuma karar shanunta na cikin manya a ƙasar nan. Tun kafin mu hau gada muka soma haɗuwa da motocin shanu.

Direba ya kai ni rumfar wani dattijo. Barunde ne, ɗan barunde, jikan barunde. 'Ya'yansa uku suna tare da shi. Babban shi ke zuwa kara ya sayi sa. Na tsakiya shi ke fiɗa da sara. Ƙaramin shi ke kan tukuba yana gasa tsire da balangu. Matan gidan kuma suna yin dambun nama, suna dafa langaɓu da kai. Babu abin da ake zubarwa a jikin sa. Kiri a sayar, ƙashi a sayar, ƙaho ma yana da masu saye.

Na ce, “Baba, ni matafiyi ne. Yaya zan gane nama mai kyau?”

Ya yi dariya ya ce, “Malam, mutane suna duban tsoka. Mu kayan ciki muke duba.”

Ya ɗauko hanta ya yanka a gabana. Santsi gare ta, launinta ɗaya, babu tauri. Ya ce hantar da ke da ciwo, in ka yanka za ka ga wasu hanyoyi farare masu tauri. In ka matsa, sai wata tsutsa mai faɗi kamar ɗan ganye ta fito. Dabbobin da ke kiwo a fadama su suka fi kamuwa da ita. Ya ɗauko huhu ya shafa. Ya ce in ka ji ƙulli-ƙulli a ciki, ka yanka ka ga abu rawaya mai ɗan tauri, to tarin fuka ne, kuma yana kama mutum. Ya ce a cikin tsoka ma, musamman ta zuciya da ta muƙamuƙi, wani lokaci ana ganin wasu farare ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. In mutum ya ci naman bai dahu sosai ba, tsila ce za ta girma a cikinsa.

Saboda haka ne ake son a yi yanka a mayanka, inda ma'aikacin lafiyar dabbobi zai duba kafin a fito da nama. Dattijon ya ce shi bai taɓa jin haushin mai dubawa ba. In an ce a zubar da huhu, zubarwa yake yi. Asarar huhu ɗaya ba ta kai asarar suna ba.

Tsoka kuwa ya ce in danna da yatsa. In ta dawo ta cike gurbin, sabuwa ce. In ramin ya zauna, ko ta yi yauƙi, ko ta soma wari, in bar masa kayansa.

A nan zan ɗan bar Wudil, in yi magana da ku masu kiwo. A watan Yuli na 2023 hukuma ta tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gonar dabbobi a Suleja, Jihar Neja. Ciwon nan tsohon ciwo ne, Fulani sun san shi. Dabba tana lafiya da safe, kafin yamma ta faɗi. Baƙin jini yana fita ta hanci, ta baki ko ta dubura, kuma ba ya daskarewa. In kun ga haka, kada ku yi gaggawar sa wuƙa don kada ta zama mushe. Kada a fiɗe ta. Kada a ci, kada a sayar, kada a taɓa fatar. A kira ma'aikacin dabbobi. Wanda ya fiɗe irin wannan dabba yana iya samun gyambo mai baƙin tsakiya a hannu. Wanda ya ci yana iya rasa ransa. Na san akuya dukiya ce, kuma asararta da ciwo. Amma kada a ɗora wa mahaucin ƙauye ita da rabin kuɗi, ya kai bakin titi ya gasa wa matafiya.

Ba ji na yi ba, na ɗanɗana. Shekarun baya na sayi balangu da daddare a wata tasha. Babu fitila sai 'yar aci-balbal. An zuba yaji da yawa, ban ji ɗanɗanon naman ba. Ban tambayi mai shi ko wane ne ba. Kwana huɗu na yi a kwance ana ƙara mini ruwa. Da na warke na koma tashar, babu shi, babu teburinsa.

Mu koma Wudil. Muna cikin hira sai wata mai abinci ta aiko yaro, a ba ta nama kilo uku, sai yamma ta biya. Na ga babban ɗan ya jawo wani littafi daga ƙarƙashin tebur. Ya rubuta sunanta, kwanan wata, kilo uku da kuɗin. Littafin duk maiƙo. Na ce, “Baba, ashe kuna rubutu.”

Sai fuskarsa ta canza. Ya ce da ba sa yi. Shi da wansa suka gaji rumfar. Wan shi ke riƙe da lissafi, kuma duk a ka yake riƙe shi. Ya san wanda ake bi, ya san wanda ke bin su. Shekara talatin bai taɓa mantuwa ba. Wata rana ya kwanta da zazzaɓi, kwana biyu Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar uku dillalan shanu suka zo. Kowa ya faɗi abin da yake bi. Babu takarda, babu shaida. Dole aka biya, don kada a bar mamaci da nauyi. Amma waɗanda gidan ke bi, masu abinci da masu tsire, mutum biyu kawai suka kawo da kansu. Sauran shiru. Sai da suka sayar da gonar gado kafin rumfar ta tsaya da ƙafarta.

Ya ce, “A shekarar na sa wannan yaro a ajin dare. Mutane suna dariya, wai me mahauci zai yi da biro.”

Malam Liman yana nan, ya fi ni sani. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Mun daɗe muna jin ta a wajen tafsiri. Kaɗan ne daga cikinmu suke aiki da ita, domin hannun bai iya ba.

Ɗan ya nuna mini wani shafi. A nan yake lissafin kowane sa. Bari in ba ku misali da akuya, don ya yi sauƙi. A ce ka sayi akuya naira 50,000. Ka biya la'ada da kuɗin mota 2,000. Itace, ƙuli-ƙuli, mai da yaji sun ci 5,000. Ka sayar da nama da kayan ciki da fata, ka tara 60,000. Wanda ba ya rubutu zai ce ya ci ribar 10,000. Wanda ya rubuta ya san 3,000 ce. In kuma akwai bashin 4,000 da bai dawo ba, to ranar aikin banza ya yi, har da cikon aljihunsa. Da yawa daga cikin masu sana'a haka jarinsu ke narkewa. Suna ganin kuɗi a hannu kullum, sai ran da za su koma kara su ga ba su isa ba.

Muka ci tsire mai zafi, daga wuta zuwa hannu. Ƙaramin ɗan ya naɗe wa direba nasa a farar takarda mai tsabta. Na ji daɗin wannan. Tawadar jarida ba abinci ba ce, takardar buhun siminti kuwa ta fi muni. Ina roƙon mahautan garin nan, jaridar da muke kawo muku kowane wata ta karatu ce. Na taɓa ganin hoton shugabanmu a naɗe da balangu.

Bayan sallar Juma'a muka wuce. Muka bi ta Shuwarin kusa da Dutse, muka ƙetare kogin Jama'are. Magariba ta yi mana a Azare, a nan muka kwana.

Gidan Burodi A Azare

Mai burodi ba ya barcin dare. Wajen ƙarfe biyu direba ya tashe ni, ya ce in zo in ga abokinsa. Gidan a bayan gari yake. Tun daga nesa ƙanshi ya tare mu.

Uban ne ya gina gidan, yanzu ya tsufa, yana zaune a kan buhu yana kallo. Ɗansa ne ke riƙe da aiki, da ƙannensa da yaran unguwa. Fulawa buhu-buhu, kowane kilo 50. Ana zuba sukari, gishiri, yis, bota da ruwa. A kwaɓa, a bi da shi ta cikin injin murji har ya yi laushi. A yanka, a ɗora kowane curi a sikeli, a sa a gwangwani. A jira ya tashi. Murhun na bulo ne, kamar ɗan ɗaki. Ana hura itace a ciki har bulon ya ɗauki zafi, a kwashe garwashin, sannan a shigar da gwangwanaye da doguwar cebur ta katako. Zafin wurin ba a magana.

Tsohon ya ba ni tarihi. Ya ce yawancin alkamar da ake yin fulawa da ita daga ƙasashen waje ake kawo ta. Tamu ta Kadawa da kwarin Haɗeja ba ta isa ba. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, ba a ɗage hanin ba sai 1992. Ya ce a shekarun nan gidajen burodi da yawa sun rufe. Shi ya tsira ne don yaransa ne ma'aikatansa, in babu riba su haƙura tare. A 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, ƙasashe biyu masu noman alkama da yawa, fulawa ta tashi. A 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin dako ya tashi. Ya ce, “Yaƙin da ban san inda ake yin sa ba, ya shigo mini har cikin murhu.”

Na tambayi ɗan, “Alhaji, in kaya sun yi tsada haka, yaya kuke yi?”

Ya ce hanya uku ce. Ko ka ƙara kuɗi, ko ka rage girma, ko ka yi ha'inci. Ha'incin shi ne wani sinadari da ake kira buromet. In an zuba shi kaɗan, burodi sai ya kumbura ya yi kyan gani, alhali fulawar ciki kaɗan ce. Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, ta hana amfani da shi, domin yana lahani ga ƙoda, kuma ana danganta shi da ciwon daji. Wasu kuma suna sa sakarin a maimakon sukari. Ya ce an sha kawo masa buromet har gida. Babansa ya ce ran da ya shiga gidan, shi zai fita.

Ido ba ya gane buromet, sai an gwada a ɗakin bincike. To me matafiyi zai yi? A nan karatunku zai yi aiki. Ku ɗauki burodin ku karanta ledar. Akwai sunan gidan da ya yi? Akwai adireshi, wato unguwa da gari? Akwai lambar NAFDAC? Wanda ya buga sunansa da inda yake, ya yarda a zo a same shi. Burodin da ke cikin farar leda babu ko harafi ɗaya, ba ku san wanda za ku tambaya ba. Ku kuma auna shi a hannu. Ƙato ne amma babu nauyi, kun matsa ya koma kamar auduga? Iska kuka saya. Ku juya ƙasansa ku duba fumfuna. In an sa burodi a leda da zafinsa yana yin gumi, ba ya kwana biyu.

Da asuba masu shayi da masu babur suka soma layi. A bakin ƙofa na ga wata matashiya da hijabi, da littafi da biro. 'Yar Alhajin ce. Kowane mai shayi da shafinsa: abin da ya ɗauka, abin da ya biya, kwantan da ya dawo da shi. Wani ya soma gardama, wai jiya ashirin ya ɗauka ba ashirin da biyar ba. Ta buɗe shafin ta nuna masa inda ya dangwala yatsa. Gardama ta ƙare. Kakanta ya dube ni ya ce, “Da a zamanina ne, sai mun kai ga rantsuwa.”

Ku mata da kuka karɓi takarda yau, ku lura da wannan. A gida biyu cikin ukun da na ambata, mace ce ke tsare dukiyar gidan, kuma da karatu take tsare ta.

Kilishin Potiskum

Ranar Asabar muka isa Potiskum. Kasuwar shanunta ranar Laraba take ci, don haka ba mu same ta ba. Amma na ga masu kilishi. Ana zaɓen jan nama marar kitse, a feɗe shi fale-fale kamar takarda. A shanya a gadon kara ya bushe. A tsoma shi cikin labu, wato tunkuzar gyaɗa da aka dama da citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa da gishiri. A sake shanyawa, sannan a gasa sama-sama. Na ga yaro ɗan shekara goma yana koyon riƙe wuƙa a gefen babansa.

Na yi ƙorafin tsada. Mai kilishin ya ce in ɗaga ɗanyen nama in ɗaga busasshe. Gaskiyarsa ne. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen nama ruwa ne, rana kuwa shanye shi take yi. Wanda ya sayar muku da kilishi da araha ƙwarai, ku tambayi kanku naman mene ne, ko kuma labun ne ya fi naman yawa.

Shi wannan bawan Allah ba ya rubutu, babu kuma mai yi a gidansa. Yana aika kilishi Legas da Abuja ta hannun direbobi. Wani ne a tasha yake rubuta masa suna da lambar waya a jikin kwali, yana biyansa. Sau biyu kaya suna ɓata saboda an rubuta lamba ba daidai ba, shi kuma bai iya dubawa ba. Na ce akwai ajin manya a garinsu. Ya ce ya sani, amma lokacin da ake karatun shi ne lokacin da yake kan wuta.

Maganar nan ta tsaya mini a rai har muka dawo. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, har da namu. Mun sa aji da la'asar, lokacin da manomi ya dawo daga gona. Mun manta da la'asar ce kasuwar mai tsire take budewa, mai burodi kuma lokacin yake barci. Na duba rajistar azuzuwan gundumar nan kafin in zo. Ban ga sunan mahauci ko ɗaya ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina neman izini. Mun yi magana da malamin ajin garin nan, ya yarda zai ƙara zama ɗaya da hantsi, bayan an dawo daga mayanka, ranar Litinin da ranar Talata. Za a fara da lambobi da rubuta suna, sannan a shiga lissafin bashi. Sarkin Fawa, ina roƙonka ka ba mu mutum goma, ko da yaran gida ne. Masu shayi da masu tuya ma ƙofa a buɗe take. Littafi da fensir hukuma za ta bayar. Wanda yake so ya ga malam a gindin bishiyar nan in an tashi, ya ba da sunansa.

 Allah ya sa albarka a takardun da kuka karɓa, ya mai da kowa gidansa lafiya.